Dattawan mishan na La'iye da ɗaliban da suke kira cin abinci

Masu kallo, wannan ƙaramin garin da kuke gani a bakin teku sunansa La'iye. Yana arewacin tsibirin Owahu a jihar Hawayi ta Amurka, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota daga Honolulu. Ku duba wannan dattijo da uwargidansa, kowa da baƙin bajo a ƙirji. An rubuta wa mijin Elda, matar kuma Sista. 'Yan mishan ne na cocin da aka fi sani da Momon, mai hedikwata a birnin Salt Lake na jihar Yuta.

Wanda ya zauna a Akara ko Legas zai iya tuna samarin wannan coci masu farar riga da lakataye, suna tafe bibbiyu. Su samarin shekara biyu suke yi, kuma dokokinsu da tsauri. Na dattawa daban ne. Mata da miji ne da suka yi ritaya, 'ya'ya sun kama gabansu, sai su rufe gida su tafi hidima ta wata 6, 12, 18 ko 23. Ba a biyan su albashi, daga fanshonsu da ajiyarsu suke ci. An kuma sakar musu mara: suna waya da jikoki duk lokacin da suka ga dama, dangi na iya kawo musu ziyara, in aiki ya lafa su fita shan iska.

To me ya kawo su La'iye? Jami'ar cocin ce a nan, reshen Jami'ar Brigham Young na Hawayi, wadda aka kafa a 1955. Kusa da ita akwai Cibiyar Al'adun Folinesiya da aka buɗe a 1963, inda masu yawon buɗe ido ke zagaya kwaikwayon ƙauyukan tsibiran tekun Pasifik irin su Samowa, Tonga, Fiji, Tahiti da sauransu. Yawancin masu rawa da masu tuƙa kwale-kwale a cibiyar ɗaliban jami'ar ne, da wannan aikin suke rage kuɗin makaranta. Dattawan kuwa wani yana ofis, wata tana ɗakin ɗinkin kayan rawa, wani yana koyarwa.

Yanzu ku ɗauki ɗalibi ɗaya, a ce daga Mongoliya ya zo, domin 'yan ƙasar suna da yawa a wannan jami'a. Ƙasarsu ba ta da teku ko kaɗan. Da safe yana aji, da yamma yana wurin aiki, har kusan awa 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibai ta yarda da shi lokacin karatu. Ba shi da mota. In hutu ya zo, kuɗin jirgi ya fi ƙarfinsa, sai ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai yana kallon waya. Yaro yana tsakiyar wurin da mutane ke kashe dukiya su zo gani, amma bai san abin da ke bayan katangar makaranta ba.

A ganina, nan ne dattawan suka fi amfani, don suna da abin da samarin mishan ba su da shi: kicin, mota, da haƙurin wanda ya yi renon 'ya'ya. Ranar Lahadi cibiyar a rufe take. Bayan an tashi daga coci sai Sista ta ce, "Zo mu ci abinci a gida." Ɗan falo ne, kujerun ma ba su isa ba, wani ya zauna a ƙasa. Babu shayi ko kofi a kan teburin, addininsu ya hana, sai ruwa da lemo. Da farko baƙon yana jin nauyi, yana tsakurar shinkafa. Ana nan ana nan, wata rana shi ne zai karɓe kicin, ya murza fulawa ya naɗe nama a ciki yadda mahaifiyarsa ke yi, Elda na gefe yana koyo, ƙullin na manne masa a yatsu.

Sai kuma fita. Ranar da babu aiki su ɗauke shi a mota su bi gaɓar arewa. Akwai wani bakin teku, Laniyakeya, inda manyan kunkurun ruwa ke fitowa su kwanta a kan yashi. Doka ta hana taɓa su, ana so mutum ya tsaya nesa da kamar mita uku. Daga nan su wuce Haleyiwa a sha ƙanƙarar da aka kankare aka zuba mata zaƙi kala-kala. Wata rana kuma su nufi Pearl Harbor, tashar jiragen ruwan yaƙin Amurka, inda jiragen saman Japan suka kai hari ranar 7 ga Disamba 1941. Ƙaramin jirgin ruwa ke kai mutane farin ginin tunawa da aka yi a saman jirgin yaƙin Arizona, wanda har yau yake kwance a ƙarƙashin ruwa. A nan ba a ɗaga murya. Ɗalibin da tsohon suna jingine da ƙarfe, suna kallon ɗigon man da har yanzu yake tasowa daga cikin jirgin.