Kar ka sayar da mataccen firinta a kilo, ga abin da ke cikinsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar tsohon firinta za mu yi, irin wanda za ka gani jibge a lungun shagon masu fotokwafi ya sha ƙura ana jiran ɗan jari bola ya zo ya auna a kilo. Wallahi abin yana min ciwo, don a cikinsa akwai kayan da kamfani ya ƙera da awo na ƙwarai, kuma da su za ka iya haɗa ƙaramin inji da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ake cewa CNC, ya yi maka zane, ya huda allon sakit (allon da ake dasa ƙananan kayan lantarki a kai), ya sassaƙa rubutu a jikin katako mai laushi.

An taɓa yi a nan Afirka ta Yamma. A 2013 wani ɗan ƙasar Togo, Afate Gnikou, ya haɗa firinta mai fitar da abu 3D a Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da sikana.

Toh me za ka ciro? Na farko rodi, wannan sandar ƙarfe mai sheƙi da kan tawada, wato ɓangaren da ke buga rubutu a takarda, ke zirga-zirga a kanta. Ni a wajena ita ce tafi komai daraja, don miƙewarta da santsinta ba za ka samu a rodin gini ba ko ka zagaye Ƙofar Ruwa gaba ɗaya. Yawanci kaurinta milimita 6 ne ko 8. Ka ɗora ta kan gilashi ka mirgina, in ta tafi sumul to lafiyarta ƙalau, in tana tsalle ta lanƙwashe, ajiye ta gefe. Kuma ka ciro ta tare da abin da ke zamewa a kanta, kar ka raba su.

Sai moto, nan ne ake yawan ruɗewa. Wanda muke nema shi ne stefa moto, shi ba ya juyawa haka kawai kamar fanka, taki-taki yake tafiya, ka ce masa yi taki 50 ya yi 50 ya tsaya cak. Mai kyau yana yin digiri 1.8 a kowane taki, wato taki 200 kafin ya zagayo sau ɗaya, ƙananan na cikin wasu firintoci kuma digiri 7.5 ne, taki 48 kenan, aikinsu bai kai wancan laushi ba amma suna yi. Tsofaffin firintocin nan masu ƙara masu amfani da ribon, irin su Epson LX-300, su ne ke da stefa. Sababbin masu tawada galibi moto mai waya 2 ne a ciki da wata siririyar leda mai layi-layi da ke ƙirga tafiyarsa, shi kuma haɗa shi da wahala ga mai farawa. Saboda haka ƙirga waya, in ka ga 4 ko 5 ko 6 galibi stefa ne.

Mai waya 4 koyil biyu ne a cikinsa, wato naɗin waya biyu, sai ka gano wace waya ke tare da wace. Da mitar gwada wutar lantarki abu ne mai sauƙi, in babu mita haɗa bakin waya biyu ka murza sandar moton da yatsa, in ka ji ta yi tauri to waɗannan biyun koyil ɗaya ne.

Bel mai haƙora shi ma ka ɗauka, amma dan Allah tare da fulinsa, wato ɗan gargaren mai haƙora da ke jan bel ɗin, saboda tazarar haƙoran bel ɗin firinta ba lallai ta yi daidai da ta bel da fuli samfurin GT2 da ake sayarwa ba, in ka gauraya zai riƙa zamewa kana ta zargin moto.

A kula da lafiya fa. Cire filogi tukuna, kuma kafasitocin ɓangaren wuta, wato ƙananan kayan da ke tara wuta, suna riƙe caji ko bayan an kashe. In firinta mai garin tawada ne, wanda ake cewa tona, kar ka hura garin nan da baki, sa takunkumi, in ya taɓa kaya a wanke da ruwan sanyi don zafi narkar da shi yake ya manne.

Ƙwaƙwalwar injin ita ce za ka saya, ƙaramin allon kwamfuta Arduino Uno da direban moto A4988, wato ɗan allon da ke ba moto wuta taki-taki, sai manhajar GRBL da ake sa wa Arduino ɗin, wadda kyauta ce. Shi A4988 daga bolt 8 zuwa 35 yake ɗauka, kuma wutar wasu firintoci ta haura 40, don haka karanta abin da aka rubuta a jiki kafin ka jona. Kar ka taɓa zare wayar moto alhali akwai wuta, direban na iya ƙonewa nan take.

Yanzu maganar da nake so kowa ya riƙe, wannan injin ba zai yanka ƙarfe ba. An yi rodin nan ne don ɗaukar kan tawada mara nauyi, ka ɗora masa babban injin huda sai ya riƙa lanƙwasa yana rawa, layi ya fito a karkace, ka karaya ka ce abin ƙarya ne alhali kai ka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Fara da biro. Ɗaure biro ka sa ya zana murabba'i a takarda, in kusurwoyin sun haɗu daidai sai ka matsa zuwa ƙaramin moton huda.

Kafin nan sai ka saita awo. Umarci injin ya tafi milimita 100, ka auna da rula, in 90 ya yi ka ninka lambar da ke saitin da ake kira $100 a GRBL, wato yawan takin moto a kowace milimita ta tafiyar hagu da dama, da 100 ka raba da 90, ka shigar da sabuwar, sannan ka maimaita wa tafiyar gaba da baya a saitin $101.