Kada Mu Riƙa Fama Mikin Yaro da Sunan Taimako

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum warahmatullah. Sharhinmu na yau ya shafi abin da ke samun yaro bayan an ci zarafinsa, tun daga lokacin da ya buɗe baki ya faɗa wa wani babba har zuwa ranar da manya za su ce sun gama da maganar.

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara takwas a ɗaya daga cikin unguwanninmu na cikin birni, wadda wani maƙwabci ya yi wa fyaɗe. Uwarta ce ta fara lura cewa tafiyarta ta canza, ta rage cin abinci, ta kuma koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa. Da aka lallaɓa ta, sai ta faɗa wa uwar. Da uban ya dawo daga kasuwa aka sa ta maimaita, sannan aka kira gwaggo da kaka su ma suka ji daga bakinta. Washegari aka tafi wajen mai unguwa, ta sake faɗa a zaure cike da maza. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, inda ta faɗa wa ɗan sandan da ke teburin karɓar ƙara, ta kuma faɗa wa mai bincike. A asibiti mai yankan kati ya tambaya, nas ta tambaya, likita ya tambaya, kuma idan magana ta kai kotu lauyan gwamnati zai tambaye ta, lauyan wanda ake tuhuma kuma zai yi mata tambayoyin ƙure a gaban mutumin da ya cuce ta. Idan muka ƙirga, yarinyar nan ta ba da labarin mafi munin rana a rayuwarta fiye da sau goma, kuma kusan duk wanda ya tambaye ta yana ganin taimakonta yake yi. Bahaushe yana da kalmar da ta dace da wannan, wato fami. Miki ne da bai warke ba, ake ta taɓa shi ana cewa ana dubawa.

Likitocin ƙwaƙwalwa da masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayyana yadda firgici mai tsanani ke aiki a jikin mutum, kuma ya kamata duk wanda aikinsa ya haɗa shi da yara ya san wannan bayani. A lokacin da tsoro ya kai matuƙa, jiki yakan zaɓi gudu, ko kokawa, ko kuma ya sandare gaba ɗaya, kuma sandarewar nan ita ce ta fi samun ƙaramin yaro da babba ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa tambayar da muka saba yi, wai me ya sa ba ki yi ihu ba, ko me ya kai ki ɗakinsa, tambaya ce da ke ɗora wa yarinya laifin da ba nata ba. Haka kuma ƙwaƙwalwar da ta firgita ba ta ajiye labari a jere kamar karatun allo. Yaro yana iya tuna warin ɗakin da launin labule, amma ya kasa faɗin ranar ko lokacin. Yana iya ba da labarin fuskarsa babu alamar damuwa, yana iya yin murmushi saboda kunya, yana ma iya dawowa bayan kwana biyu ya ce ƙarya ya yi, domin ya ga uwarsa tana kuka, ya ga gida ya rikice, ya ɗauka shi ne ya jawo. Jami'in da bai san wannan ba sai ya rubuta cewa maganar yarinya ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A nan ne ake yin asara biyu, domin yawan tambaya yana ƙara wa yaro ciwo, kuma yana raunana shari'ar da ake son a yi nasara a kanta, tunda duk lokacin da babba ya sa wa yaro magana a baki, labarin yana ɗan sauyawa, lauyan wanda ake tuhuma kuma irin wannan saɓani yake nema.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da tallafin UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma suna fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata. Waɗanda suka samu wani taimako a cikinsu ba su kai biyar cikin ɗari ba. A Amurka kuma, wani babban nazari da aka fara fitar da sakamakonsa a 1998, wanda ya shafi manya fiye da 17,000, ya gano cewa gwargwadon yawan azabar da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon haɗarin da yake ciki na faɗawa shaye-shaye, da ciwon damuwa, da ciwon zuciya bayan ya girma. Mu da muke kuka dare da rana kan shaye-shayen matasa a Kano, ya kamata mu tambayi kanmu nawa ne daga cikin yaran nan suke ƙoƙarin danne wani abu da aka yi musu wanda ba su taɓa samun mai saurarensu a kansa ba. Kuma Kanawa ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar ba, wadda mai makarantarsu ya sace a watan Disamba na 2021 ya kashe ta, har babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Wanda ya cuce ta ba baƙo ba ne, mutum ne da aka damƙa masa amanarta, kuma haka abin yake a mafi yawan lokuta.

Wasu ƙasashe sun gane illar famin nan tun da daɗewa. A 1985 wani mai gabatar da ƙara a garin Huntsville na jihar Alabama a Amurka ya kafa cibiya inda ɗan sanda, da likita, da jami'in jin daɗin jama'a, da lauya za su zo wuri ɗaya su samu yaro, maimakon a riƙa yawo da yaro ofis-ofis. Ƙasar Aisland ta buɗe irin wannan gida a 1998, ta kira shi gidan yara, inda mutum ɗaya da aka horar yake zantawa da yaro a ɗaki mai natsuwa, sauran jami'ai suna kallo daga wani ɗakin, ana kuma naɗar maganar domin kotu ta yi amfani da ita. Hikimar abin a fili take: manya ne ya kamata su ɗauki wahalar zirga-zirga da musayar takardu, yaro ya faɗi maganarsa sau ɗaya ko sau biyu, ya huta.

Mu ma a Kano ba daga ƙasa za mu fara ba. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, wadda aka kafa domin karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, a duba lafiyarsu, a ba su magani da shawara, a kuma rubuta rahoton likita da za a iya gabatarwa a kotu. Akwai Dokar Kare Yara ta jiha da aka sanya wa hannu a 2023, shekara ashirin bayan dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003. Akwai Ma'aikatar Harkokin Mata, da Hukumar Hisbah, da ofishin NAPTIP, wato hukumar yaƙi da safarar mutane, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da asibitin yara na Hasiya Bayero, da likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Abin da nake kira a kai shi ne igiyar da za ta ɗaure waɗannan hukumomi wuri ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannaye da yawa ma ba za su ɗauka ba idan kowa yana ja nasa ɓangaren. A ganina, duk yaron da aka kawo ƙararsa ya kamata a ba shi jami'in jin daɗin jama'a guda ɗaya da iyayensa suka san sunansa, wanda zai bi maganar daga ofishin 'yan sanda zuwa asibiti zuwa kotu, da takarda guda ɗaya da za ta riƙa bin yaron, ta yadda likita zai karanta abin da aka riga aka rubuta maimakon ya ce a sake faɗa masa daga farko. Ya kamata kuma jami'an nan su riƙa zama lokaci zuwa lokaci suna duba shari'o'in da ke hannunsu, domin a san inda kowace ta maƙale.

Gaggawar haɗin kan nan tana da dalili na likitanci da na shari'a. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki bayan an yi masa fyaɗe dole ne a fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Alamun da likita zai gani a jiki su ma suna ɓacewa da wucewar kwanaki. Dokar Shaida ta 2011 kuma ta tanadi cewa yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba za a kama mutum da laifi bisa irin wannan shaida kaɗai ba sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta. Saboda haka kwana huɗu ko biyar da iyali suke ɓatawa a zaure ana shawarar ko a fitar da magana ko a rufe, su ne kwanakin da lafiyar yarinya da hujjarta suke salwanta tare.

Wannan ya kawo mu kan masu unguwanni da dagatai da limamai da malaman Islamiyya da na tsangaya, waɗanda a wajena su ne ginshiƙin aikin, domin ƙofarsu ake fara bugawa. Sulhu alheri ne a rikicin gado da na maƙwabtaka da na ma'aurata, amma fyaɗe ga yaro laifi ne da babu mai ikon yafe shi a madadin yaron. Idan aka ce a rufa asiri a bar wa Allah, asirin mai laifi aka rufa, aka kuma sake shi ya nufi wani gidan. Asirin da ya wajaba a rufa shi ne na yaron, wato sunansa da hotonsa da unguwarsu, kuma a nan dole mu 'yan jarida da masu ɗora hotuna a Facebook da TikTok mu ji tsoron Allah, domin hoton da aka yaɗa yau da sunan neman adalci zai bi yarinya har ranar da za a zo neman aurenta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba ya cikinmu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu kuma bai san girman babbanmu ba. Kada kuma mu manta da yara maza, musamman almajirai da ke kwana nesa da iyayensu, da 'yan mata masu talla da masu aikatau, domin su ne suka fi rashin wanda za su kai wa kuka.

Su kansu ma'aikatan suna bukatar kulawa. Nas ko ɗan sandan da ke jin irin waɗannan labarai kullum zuciyarsa takan gaji har ta bushe, kuma bushewar nan ce ke fitowa a matsayin tsawa ga yaro. Horo na kwana biyu a otal ba zai wadatar ba idan babu shugaban da zai zauna da su ya ji abin da ke damunsu.

Ga iyaye da malamai da yayye masu saurarenmu, idan Allah ya sa kai ne ko ke ce babban da yaro ya fara faɗa wa, a natsu, kada a yi salati da kururuwa a gabansa, kada a dake shi, kada kuma a tsare shi da tambayoyi. A ce masa an yarda da maganarsa, ba laifinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. A bar shi ya faɗi iya abin da zai iya da kalmominsa, kada a kira dangi su zo su ji. A ajiye tufafin da ke jikinsa ba tare da an wanke ba, a nisanta shi daga wanda ya ambata, a kai shi asibiti a ranar, ko da an riga an yi masa wanka, sannan a sanar da 'yan sanda. Bayan an bar asibiti da kotu, a ci gaba da kai shi wajen mai ba da shawara ko likitan ƙwaƙwalwa idan firgita da mugun mafarki ba su daina ba, a kuma mayar da shi makaranta da zarar ya samu natsuwa, tare da malami guda ɗaya amintacce da ya san halin da yake ciki.