Wutar da ke tserewa ta gefen tukunya

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da malaman da suka rakuɓe can baya, sannunku da zuwa. An ce in yi magana a kan madafi da muhalli. Na san in aka ce muhalli, hankalin da yawanmu kan tafi kan hamada, da babban mutum riƙe da shebur yana dasa itace ana ɗaukar hoto. To yau ba daji za mu ba. Madafi za mu shiga, mu tsuguna gaban murhu.

Ku tuno murhun duwatsu uku. Kin hura wuta, kin ɗora tukunya, harshen wuta yana lasar gefenta yana wucewa sama. Masu awo sun gwada, sun ga cikin kashi 100 na zafin itacen, abin da ke shiga tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Wato in Malam ya sayo itacen naira 1,000, na 150 ne ya dafa tuwon. Sauran ya tafi wajen baƙanta bango da sa ki hawaye.

Hawayen nan ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2. Wa ke shaƙarsa? Ke da kike tuƙa tuwo, da jaririn da ke goye a bayanki. Sai yaro ya kama tari da sheshsheka, mu ce sanyi ne, alhali limoniya ce ke neman shiga.

Wata za ta ce, ai ni na koma gawayi, kurfotina ba ya hayaƙi. Haka ne, Hajiya, amma hayaƙin an riga an yi shi a daji. A yadda ake toya gawayi a gargajiyance, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo ɗaya. Kuma don Allah, da hunturu kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take sa mutum, wani ba ya farkawa.

To ina mafita? Ni dai ban ce kowa ya je kasuwa ba tukuna. A fara da tare wutar. Murhun laka, wanda aka kwaɓa da ƙaiƙayi aka gina shi ya rungume tukunya, aka bar masa ƙofa ɗaya ta sa itace, yana rage cin itace ƙwarai, kuma kuɗinsa ƙasa ce da ruwa. A faskara itace ƙanana, a bar shi ya bushe, domin ɗanyen itace sai ya gama ƙona ruwan jikinsa kafin ya kula da tukunyarki. A rufe tukunya. Ina ganin dariya, amma gidaje nawa ne murfin ya ɓace tun watan biki? Wake kuwa a jiƙa shi tun dare.

Ga wanda na fi so. Abinci in ya tafasa, ba lallai ne wuta ta ci gaba da ci ba. Ki sami kwando, ki shimfiɗa tsohon bargo ko tsummoki a ciki. Shinkafa ta tafasa kamar minti 5, ki sauke da murfinta, ki sa a kwandon, ki lulluɓe ta ruf. Bayan minti 40 ki buɗe, ta nuna, ba ƙanzo ba ƙauri. Wake sai ya tafasa sosai tukuna, sannan a ba shi awa biyu zuwa uku. Ranar da na fara gwadawa surukata ta ce, “’Yar nan, tukunya kike wa jinya?” Yanzu ita ke karɓe mini bargon.

Gas kuwa, ga mai hali, shi ne sauƙin huhu. Na san tsadarsa ta mayar da gidaje da yawa kan itace. Amma malamai, da ku nake: wanda bai taɓa hura wuta da damina ba bai kamata ya ce tukunyar gas almubazzaranci ce ba. Ku haɗa kuɗin itacen wata da na maganin tari, ku gani.

Bari in koma kan abin da ke ruɓewa. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ɗan gidan maginan tukwane, ya ɗauki tukunyar ƙasa ƙarama ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan na tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin. Yalon da kan lalace a kwana 3, da aka ajiye shi cikin ƙaramar tukunyar, ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Hikimar randa ce fa, wadda muka fitar da ita daga gida muka zauna jiran wutar lantarki. Sharaɗinta a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ta fi aiki da rani, da damina kuwa sai a hankali.

Leda ba sai na daɗe ba. Mun daina ƙulla alala a ganye, muna zuba koko mai zafi a leda, har da ita muke kunna gawayi. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin akuya. Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, amma ku je kasuwa ku gani. Kwando da kwano mai murfi sun fi doka saurin aiki. Ɓawon kayan miya da dusa na dabbobi ne, toka ta wanke tukunya, ruwan wankin shinkafa a zuba wa zogale.

Itacen kansa akwai hanyar samunsa ba tare da kashe bishiya ba. A ƙasar Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka fara barin kututturen da ke tohowa a gona, su zaɓi ’yan rassa masu ƙarfi, su sare sauran. Sassaben zamani suke ce masa. An ƙiyasta ya farfaɗo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman gawo, kuma rassan da ake ragewa su mata ke girki da su.

Ga aikin gida. Makon nan ki ƙirga ɗaurin itace ko mudun gawayi nawa kika ƙona. Mako mai zuwa ki rufe tukunya, ki jiƙa wake, ki gwada kwandon, ki sake ƙirgawa. Na ga Inna ta ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Inna, a miƙa mata abin magana.