Tsohuwar mota: a riƙe ta ko a rabu da ita?

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna ji na? A ɗan ƙara sautin nan don Allah. Yawwa. An ce in yi magana kan shekara nawa ya kamata mutum ya riƙe motarsa, kuma tsohuwar mota tana da aminci ko babu. Abu huɗu na shirya, duk da na ga shugaban taro tun yanzu ya fara kallon agogo.

Na farko, mu daina yaudarar kanmu, kusan dukkanmu tsohuwar mota muke hawa. Wadda ka ɗauko daga Legas jiya, maƙwabta suka zo ana Allah ya sanya alheri Alhaji ya yi sabuwa, ai wani ya gama yayinta a Amurka shekara goma ko sha biyar kafin ta hau jirgin ruwa. Su kansu Amurkawan matsakaicin shekarun motocin da ke titinsu ya haura 12. To ka ga shekara ita kaɗai ba hujja ba ce. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, da yawa waɗanda suka sayar da tasu da niyyar su cika kuɗi su canja, har yau a adaidaita sahu muke haɗuwa da su. (dariya)

Na biyu, nan ne nake so ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai maganar da dattawanmu suke yi, mutum ya je jikin Fijo 504 ya ƙwanƙwasa da hannu ya ce ka ji ƙarfe, wannan ita ce mota, ta yanzu kuwa gwangwani ce, ɗan acaɓa ya goge ta sai ta lotse. Baba na gan ka kana gyaɗa kai, to yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ma ina son 504, a Kaduna aka riƙa haɗa ta a kamfanin Fijo da aka buɗe a 1975, ta yi mana hidima, ta kai amare ta kai gawa. Amma lotsewar nan da ake raina motar zamani da ita, da gangan aka yi ta. Da gangan. Ka diro daga kan katanga ka faɗa kan siminti, sannan ka diro ka faɗa kan yashi, wanne zai karya ka? Simintin bai yi komai ba, ƙafarka ce ta biya. Injiniyoyi sun raba mota gida biyu, gaba da baya an yi su su murƙushe su shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune kuma an yi shi ya ƙi lanƙwasa. Mercedes ce ta fara fito da wannan a 1959, shekarar da Volvo ta kawo bel ɗin nan mai ratsa kafaɗa da ƙugu, ta kuma bar wa kowane kamfani ya yi amfani da shi kyauta.

Akwai wani gwaji, ku nema a YouTube in kun koma gida. A 2009 wata cibiya ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air 'yar 1959, ƙatuwa, ƙarfe zalla irin wanda Baba ke so, da Chevrolet Malibu 'yar 2009, aka sa suka yi taho mu gama kowacce tana gudun kusan kilomita 64. Jama'a, tsohuwar nan ɗakin direban ne ya ruguje, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da aka zaunar a ciki, gilashin gaba ya yi tsalle ya fita, tsatsa na tashi kamar ƙura. Sabuwar gabanta ya tafi gaba ɗaya amma wajen zaman direba yana nan. Kuma kilomita 64 fa, ba 140 da kuke yi a hanyar Zariya ba, don in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin karon sau huɗu yake ninkuwa.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu, kuma wallahi wannan ya fi shekarun mota damuna. Wannan murƙushewar sau ɗaya take aiki. Motoci da yawa da ake kawo mana sun riga sun yi hatsari a can, inshora ta biya mai ita, an yi gwanjonsu, an kawo nan mai gyaran bodi ya sa wuta ya gasa ƙarfen ya ja shi ya miƙe, aka shafa foti aka fesa fenti, tana sheƙi. Ƙarfen da aka gasa aka miƙar ba zai koma yadda kamfani ya yi shi ba. Wata ma rabin gaba na wata mota ne rabin baya na wata, an haɗa da walda. Saboda haka ni da a ba ni 'yar 2015 da aka yi wa haka, gara 'yar 2005 da ba ta taɓa karo ba. In za ka saya ka ɗaga kafet ɗin but ka nemi tabon walda, ka duba tazarar bonet da fenda dama da hagu ko sun zo ɗaya, ka kwanta ka leƙa ƙasa, don wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya ci cikinta. Kar ka ji kunyar ɓata shaddarka.

Na nawa muke? Na huɗu? A'a na uku, to mu haɗe su kawai. Mu nan arewa tsatsa ba ta cika damunmu ba, zafi ne ke cin roba. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta, ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe, in ka ga 2319 sati na 23 ke nan na 2019. 'Yan rod sefti shekara huɗu suke ba ta, ko da zanenta na nan raɗau, kuma tayar Beljiyam galibi ta cinye shekarunta kafin ta zo. Man birki a canja duk shekara biyu, mu kuwa ƙari kawai muke yi. Tayimin bel, boljoyin, tiyon birki, duk ku sa bakanike ya duba, lokaci ya ƙure. Yaushe za ka rabu da ita? In casis ya lanƙwashe ko tsatsa ta cinye shi, ko ka zaga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ba ka samu kayanta ba. In kuma za ka canja, nemi daga 2012 zuwa sama, daga shekarar Amurka ta wajabta na'urar da ke riƙe mota in ta fara zamewa a kwana. Akwai hannu a can, Hajiya bismillah.

(Tambaya: fitilar eyabag, jakar iskan nan da ke buɗewa in an yi karo, tana ta kunnuwa a dashbod, sai bakanike ya yi wani abu ta daina, ya ce an gyara.)

Hajiya wace mota ce? Honda EOD? Wato Accord ke nan. To ranki ya daɗe yau in kin fita ki murɗa makulli kada ki tayar da injin, ki kalli dashbod. Fitilar nan dole ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, ƙwan ya cire ko ya liƙe shi da baƙin salatif, matsalar tana nan. Kuma tunda kin ce EOD, akwai abin da ya fi wannan. Wani kamfanin Japan, Takata, ya yi eyabag da sinadarin da zafi da laima ke lalatawa, in ta tashi buɗewa sai gwangwanin sinadarin ya tarwatse ya watso ƙarfe a fuskar mutum, an rasa rayuka, a Amurka kaɗai an janye wajen miliyan 67, kamfanin ya karye a 2017. Accord daga 2001 zuwa 2007 tana ciki, Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Vibe ma haka. Ki duba ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba akwai lamba mai harafi 17, ki ba wa yaronki ya saka a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, kyauta ne, zai nuna ko an canja taki a can. In ba a canja ba kada ki yarda a ɗora miki wata ta Beljiyam irinta, ki nemi dilan kamfanin. Kafin nan ki ja kujera baya gwargwadon yadda ƙafa za ta kai birki, ki ɗaura bel, yara kuma su koma kujerar baya. Malam na ga naka hannun, amma shugaba ya ce an kira sallah, ka same ni a waje.