Kuɗinka Kaɗan Ne, Wane Littafi Za Ka Fara Saya?

[Hoto: layin masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi, da hantsi]

Assalamu alaikum, jama'a.

Kwanakin nan akwai wani jeri da ke ta yawo a WhatsApp da Facebook, na manyan littattafan da aka ce lallai kowane ɗalibin ilimi ya mallaka. Tun da ya fara zagayawa tambaya ɗaya ake ta turo mana, daga Kano, daga Zariya, har daga Maraɗi da Damagaram: kuɗina ba su taka kara sun karya ba, a cikin waɗannan wanne zan fara saya?

Ga mafi yawan masu tambayar, amsar ita ce babu ko ɗaya tukuna. Kada ku yi saurin wucewa, ku tsaya ku ji dalili.

Nan Kurmi ce, a tsakiyar birnin Kano, kasuwar da tarihi ke danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ku dubi kantocin nan. Yawancin masu bangon ruwan zinare daga Bairut ko Alƙahira aka shigo da su, kuma da dala aka sayo su. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Waɗanda ake bugawa a gida ma ba su tsira ba, domin takardar daga waje take zuwa. Saboda haka ba zan kira muku farashin kowane littafi ba, abin da na faɗa yau kafin ku iso kasuwa ya canja. Wannan ke nan game da tsada, mu wuce.

[Hoto: hannu biyu, ɗaya riƙe da ɗan siririn littafi, ɗaya dafe da jerin mujalladai]

Yanzu ga inda ake samun matsalar.

Wancan jerin da ke yawo ya tsara littattafai ne bisa darajarsu, kuma ba wanda ke jayayya da darajar. Fathul Bari, sharhin Sahihul Buhari, Ibnu Hajar ya fara shi a shekara ta 817 bayan hijira, bai kammala ba sai 842. Shekara 25 ke nan yana kansa. Mujalladi 13 ne, ban da muƙaddima. Wa zai ce ba a son wannan a gida? Amma aljihunka ba tambayar daraja yake yi maka ba. Abin da yake tambaya shi ne: gobe da asuba, idan ka zauna gaban malam, wane littafi ne zai kasance a kan cinyarka?

Ga abin da na ga ɗalibai da yawa suna yi. Mutum yana karatun Iziyya ko Risala a zaure. Sai ya je ya sayi bugun da ya fi kowanne araha, ya ce ai ƙaramin littafi ne, kowane bugu ma ya yi. Sauran kuɗin kuma ya tara, ya haɗa da bashi, ya ɗauko babban littafi mai mujalladai ya jera a kanta. Wato littafin da zai buɗe kullum ya tsuke masa hannu, wanda kuma ba zai buɗe ba sai jefi-jefi shi ya zuba wa dukiya. Kamar manomi ne ya kashe kuɗinsa wajen gina ƙaton rumbu, ga damina ta faɗi, fartanyarsa kuwa ƙota a karye.

A juya lissafin. Ƙaramin littafin nan da kake karantawa gaban malam kullum, shi ne ya cancanci mafi kyawun bugun da kuɗinka za su iya saya.

[Hoto: bugu biyu na matani ɗaya, a buɗe gefe da gefe, kyamara ta matso]

Ku matso ku gani da idonku. Littafi ɗaya ne, mawallafi ɗaya, bugu ne ya bambanta. Na hagun nan layukan a matse suke, ko allura da ƙyar ta shiga tsakani. Gefen shafin an yanke shi har kusa da rubutu. Ga takardar, ku ga yadda rubutun baya yake leƙowa ta gaba. Bari in ɗiga masa biro. Kun gani? Tawada ta ratsa ta ɓata wancan shafin. Wasali kuwa wani wuri akwai, wani wuri babu, wani wurin ma an ɗora shi inda bai dace ba.

Na daman nan kuwa, akwai fili tsakanin layi da layi, gefen shafi yana da faɗi, wasali ya cika.

Me ya sa wannan yake da muhimmanci har nake ta nanatawa? Ku tuna yadda ake karatun zaure a ƙasar Hausa. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara masa kalma bayan kalma, ya tsaya ya warware mas'ala, wani lokaci ya kawo abin da ya ji daga nasa malamin. Ɗalibi yana bi yana rubuta ma'ana a ƙarƙashin kalma, ƙarin bayani kuma a gefe. Bayan an sauke littafin, abin da ke hannunka ya wuce abin da maɗaba'a ta buga. Ya zama littafi mai ɗauke da muryar malaminka. Duk intanet ɗin duniya ba inda za ka sauko da wannan. To idan bugun da ka saya ba shi da wurin rubutu, ina za ka zuba? A wata takarda daban, wadda kafin watan azumi ta ɓace.

Sannan ga batun wasali. Mai fara karatu bai san nahawu ba tukuna, abin da ya gani a shafi shi zai karanta, shi kuma zai haddace. Wasali ɗaya ya karkace, mai aikatawa ya koma wanda aka aikata wa. A littafin fiƙihu wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman idan ana zancen tsarki ko ƙabli da ba'adi. Kuma kuskuren da aka haddace da ƙuruciya yana da wuyar fita daga baki.

Akwai kuma abin da mahaddata suka fi kowa sani. Ido yana haddace wuri. Wanda ya yi hadda da Mus'hafin Madina, mai shafi 604 da layi 15 a kowane shafi, zai gaya maka aya kaza tana saman shafin dama. Shi ya sa malaman hadda suke hana yaro sauya bugu a tsakiyar tafiya. Haka yake ga kowane matani, wato ainihin littafi ba tare da sharhi ba, da kake haddacewa. Bugun da ka fara da shi, da shi za ka zauna shekaru, don haka ka zaɓe shi da kyau tun farko. Iyaye, ga naku a nan: kafin ku saya wa yaro Alƙur'ani ku tambayi makarantarsu, ruwayar Warshu ake yi ko ta Hafsu. Tsangaya galibi Warshu ce, Islamiyya galibi Hafsu. Ana kai wa yaro mai tsada, kyakkyawa, sai malam ya ce ba shi ba ne.

[Hoto: zaure, malam a kan buzu, ɗalibai kewaye]

Saboda haka sayen littafi ba a kasuwa yake farawa ba, a nan yake farawa. Bayan an tashi karatu ka matsa kusa ka ce, "Allah gafarta Malam, wane bugu ne a hannunka, kuma wane sharhi zan riƙa dubawa?" Tambaya ce ta minti ɗaya. Idan bugunku ɗaya da na malam, in ya ce a buɗe shafi kaza ba sai kana lalube ba. Kuma shi ya san bugun da ke da yawan kurakurai, domin ɗalibai da yawa sun wuce ta gabansa da shi.

Ka san inda kake a kan hanya. Tsarin da aka saba a fiƙihun Malikiyya a wajenmu sananne ne: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar. Wanda ke Ishmawi ba shi da buƙatar sharhin Muhtasar bana, ko baɗi ma. Abin da ke biye da matani a lissafin kuɗinka shi ne sharhi ɗaya tak na littafin da kake ciki. Mai karatun Risala, misali, Samaruddani ya ishe shi, mujalladi ɗaya ne, kuma matanin Risalar yana cikinsa, har wasu malaman da shi suke biyar da karatu. Idan malaminka ya yarda, ka ga kuɗin littafi ɗaya sun yi maka aikin biyu. Manyan sharhohinta suna nan suna jiranka. Idan Allah ya kai ka Askari kuwa, akwai sharhi mai suna As'halul Madarik, wanda Shehu Abubakar ɗan Hasan Alkashnawi ya rubuta. Bakatsine ne da ya zauna a Makka, kuma har ƙasashen Larabawa ana karanta shi. Ni dai duk lokacin da na gan shi a kanta sai raina ya yi fari.

Bayan sharhi sai ƙamus. Shi ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, amma hannu yana kai masa sau da yawa a zama ɗaya, saboda haka yana cikin na sayen farko. Mai mujalladi ɗaya za ka nema. Lisanul Arab, a bugun Dar Sadir na Bairut, mujalladi 15 ne, ba naka ba ne yanzu.

[Hoto: fuskar mai magana]

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da ƙarfi: littafi kullum ƙara tsada yake, gara in ɗauka yau kafin ya fi ƙarfina. Gaskiya ne, mun gani da idonmu. Idan kana da rarar kuɗi bayan ka sallami karatun gobe, bismillah, ka saya, Allah ya sa albarka. Gidan da yara suka tashi suna ganin littattafai ba ɗaya yake da wanda babu ba. Abin da nake ja a kai shi ne a ci bashi saboda littafin da ba za a buɗe ba sai bayan shekaru, alhali wanda ake karantawa kullum fotokwafi ne da ya dishe. Kuma littafin da aka jera aka manta yana da maƙiya, ga gara, ga laimar damina.

Ku lura kuma, ma'aunin nan ba amsa ɗaya yake ba kowa ba. Malamin da ke karantar da Buhari a masallaci, Fathul Bari shi ne littafinsa na kullum, shi ya kamata ya fara saya, kuma ya nemi bugu mai kyakkyawan tahƙiƙi, wato wanda masani ya tantance rubutunsa ya gyara kurakurai, ko da zai jira wata uku yana tari. 'Yar'uwa da ke ajin haddar Arba'una Hadisi a Islamiyyar matan aure, nata littafin hadisi 42 ne, sai ƙaramin sharhi. Ɗalibin jami'a ma haka, littafin kwas ɗin da yake ɗauka a wannan zangon shi ne a gaba. Kowa ya dubi abin da hannunsa ke taɓawa a mako.

To manyan littattafan fa, a haƙura da su ke nan? A'a.

[Hoto: allon waya, ana neman kalma]

Waɗanda ake leƙawa don neman mas'ala ɗaya, waya ta fi dacewa da su. Manhajar Maktaba Shamila kyauta ce, tana ɗauke da dubban littattafai, ka rubuta kalma ta kawo maka wuraren da ta zo, kuma da yawa daga cikinsu lambar shafinsu ta yi daidai da ta bugun takarda. Sai dai hannun mutum ne ya shigar da rubutun, ana samun kuskure. Duk abin da za ka kafa hujja da shi ko ka faɗa a gaban jama'a, ka koma ka gan shi a bugun takarda, ko a hoton shafin bugun. Ga ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano, ga na jami'o'i, ga kantar malaminka idan ka iya roƙo kuma ka iya mayarwa a kan lokaci. Abokan karatu uku ko huɗu kuma za su iya raba nauyi, wannan ya sayi na tafsiri, wancan na hadisi, a riƙa musaya. Masu hali da ke neman inda za su yi waƙafi, kantar littattafai a masallacin unguwa tana ɗauke wa ɗalibai da yawa wannan nauyi.

[Hoto: cikin shago, ana duba littafi]

Saura na cikin shago, da sauri. Kada ka tsaya a shagon farko, ka zaga uku, kuma ka tabbata bugu ɗaya kake kwatantawa, domin suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Araha ba ta ado. Buɗe littafin ta tsakiya ka danna a hankali. Idan ɗinki ne zai kwanta, idan gam ne kawai za ka ji yana ƙara, irinsa ne ke zubar da shafuka kafin a sauke shi. Bi shafukan da babban yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ana samun farare da ba a buga komai a kansu ba, ana samun waɗanda aka ɗinka a kife. Ka tambayi na hannu, tsohon bugu mai tsabta sau da yawa ya fi sabon da aka kwafa.

Idan kuma mujalladai ne, ƙirga su a gaban mai shago, kana duba lambar da ke bayan kowanne. Kwali a rufe yakan zo da na bakwai guda biyu, na takwas babu. Sannan kafin ka miƙa kuɗi ka ce, "Alhaji, in na je gida na tarar da matsala, zan iya dawowa a canja mini?" Yawancinsu za su ce ka dawo. Ka karɓi rasit, kuma kada ka rubuta sunanka a bango sai ka gama dubawa a gida.

A bidiyo na gaba za mu ɗauki littafi ɗaya mu jera bugunsa daban-daban, mu nuna yadda ake gane aikin mai tahƙiƙi na gaske tun daga shafukan farko. Ku rubuto mana littafin da kuke biyawa yanzu da garin da kuke, mu zaɓa daga ciki. Wassalamu alaikum.