Inuwar tatuna ta fito dabbare-dabbare, yau za a gyara

Jama'a barkanmu da warhaka. Bari in matsa kusa da taga, don hasken ƙwan ɗakin nan maƙaryaci ne. Yauwa. Ku dubi hannun nan da kyau. Tatu ne, wato zanen tawada da ake yi da allura a cikin fata, na tsuntsu da fukafukai a buɗe, daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Layukan sun zauna daram, ba ni da ƙorafi a kansu. Inuwar ce ta ƙi daidaita. Ƙarƙashin fiffiken hagu ta yi yadda ake so, daga duhu tana sassautowa a hankali har ta narke cikin fata. Na dama kuwa, ga wani fili nan da tawadar ta zube, ga kuma wani ɗan gefe a sama da ya fi ko'ina baƙi. Yau mai zanen ta ba ni rana, to kafin in fita bari mu ɗan yi magana.

Masu son mu tattauna ko ya dace mutum ya yi tatu tun farko, wannan zama ne na daban. Yau maganar wanda ya riga ya yi ce, yana zaune yana kallon hannunsa yana cewa an cuce shi.

Farko dai, abin da kake gani a mako na biyu ba shi ne tatunka ba. Ranar da aka gama zane fata a kumbure take, ta yi ja, shi ya sa inuwar ke fitowa da duhu da kauri fiye da yadda za ta zauna. Bayan 'yan kwanaki sai ƙaiƙayi, sai saɓa, fatar sama tana ɓarewa da guntayen tawada a jikinta, mutum ya ɗauka zanen ne gaba ɗaya ke zubewa. Da saɓar ta wuce kuma sai wata sabuwar fata mai sheƙi ta rufe wurin, zanen ya yi hazo-hazo, wani wuri fari-fari, wani wuri toka-toka. A wannan gaɓar ce yawancin mutane ke ɗaukar waya su fara aika wa mai zane saƙon faɗa. Alhali fatar ba ta gama aikinta ba. Sama-sama tana rufewa cikin mako 2 zuwa 4, amma can ƙasa sai ta kwashe watanni tana gyara kanta. Shi ya sa da wuya ka sami mai zanen kirki da zai yarda ya sake sa maka allura kafin mako 4 zuwa 6, da yawa ma sai sun ce ka bari wata 2 ko 3 su cika.

Dalilin yana cikin yadda fatar take. Hawa-hawa ce. Ta sama tana mutuwa tana sabuntawa kusan duk wata, duk tawadar da ta tsaya a nan tafiya za ta yi. Wadda ake nema ita ce ta ƙarƙashinta, zurfin kamar milimita 1 zuwa 2. Da tawada ta isa can, garkuwar jiki na ɗaukar ta a matsayin baƙuwa, sai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira makrofaj su zo su haɗiye ta. Sun haɗiye amma ba za su iya narkar da ita ba, sai su zauna da ita a wurin. A 2018 wasu masu bincike a Marseille ta Faransa sun gwada a jikin ɓeraye, suka ga ko waɗannan ƙwayoyin sun mutu sun saki tawadar, sababbi ne ke zuwa su sake kama ta a wuri guda. Abin da ke sa tatu ya daɗe ke nan. Kun ga ashe zama daidai na inuwa ya dogara ne da yawan tawadar da ta kai wancan hawan a kowane ɗan taƙi na fata, ba abin da ido ya gani a ranar farko ba.

Ita inuwa kuma ta fi layi wuyar sha'ani. Layi baƙar tawada ce tsantsa. Inuwa kuwa, a irin wannan zanen na baƙi da ruwan toka, tawadar ake sirkawa da tsabtataccen ruwa a 'yan ƙananan kofuna, wani mai kauri, wani tsaka-tsaki, wani tsinkakke sosai. Allurar ma daban ce, jerin allurai ne a shimfiɗe masu shara faffaɗa. Sai mai zane ya miƙe fatar da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bi yana dawowa. In ya ɗan sassauta miƙewar a wani wuri, ko hannunsa ya yi sauri, ko allurar ba ta shiga sosai ba, wurin zai warke da haske. In ya daɗe a wuri guda yana nanatawa, fatar ta ji jiki, ta yi ɓawo mai kauri, ɓawon ya tashi da tawadar. Tun 1891 da Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin tatu na lantarki a New York, injin ya sauya kama iri-iri, amma har gobe hannun mai zane ne ke auna zurfi, ba injin ba.

Ga kuma abin da ya shafe mu, mu masu baƙar fata, wanda ba kowane mai zane a ƙasashen nan ya saba da shi ba. Sinadarin da ke ba fatarmu launi a hawan sama yake, tawadar kuma tana ƙarƙashinsa. Wato kamar ka leƙa cikin mota ta gilashi mai duhu ne: abu mai duhu sosai za ka gan shi, mai haske-haske kuwa sai ya ɓace maka. Tsinkakken ruwan tokan da ke fitowa fes a farar fata, a tamu yana iya warkewa ya zama kamar ba a taɓa wurin ba. Bayan haka, fatarmu in ta ji rauni takan sauya launi na ɗan lokaci, wani wuri ya yi haske, wani ya ƙara duhu, sai bayan makonni ko watanni launin ya koma daidai. To wani dabbare-dabbaren da kake gani ba na tawada ba ne sam, na fatarka ne. In ka yi gaggawa aka zuba tawada a wurin da fatar ce kawai ta yi haske, ranar da launinta ya dawo wurin zai fi ko'ina duhu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wannan ya kawo mu abin da nake so kowa ya riƙe kafin ya je gyara. Allura ƙari take yi, ba ta ragi. Wurin da ya yi haske ana iya cike shi. Wurin da ya yi duhu ba a iya kwashe masa tawada, sai dai a ƙara wa maƙwabtansa duhu su kamo shi, zanen gaba ɗaya ya yi nauyi. Haka in allura ta zarce zurfi tawada ta bazu a ƙarƙashi, ka ga wani shuɗi-shuɗi ya kewaye layi, wannan ba aikin gyara ba ne. Ko a ɓoye shi da inuwa, ko a bar shi, ko a je ga leza, wato na'urar da ke farfasa tawada a cikin fata da haske mai ƙarfi. Leza kuma a baƙar fata sai wurin wanda ya san aikinsa, don tana iya barin farin tabo. Irin da aka fi amincewa da ita a fatarmu ita ce wadda ake kira Nd:YAG, mai tsawon zangon haske nanomita 1064.

To bari in sa riga. Sanyin garin nan ba ya wasa, hita kuma tana busar da fata har ta tsage, ga rigunan sanyi masu gashi suna goga sabon zane duk yini. Wanda ya yi tatu a irin wannan lokacin ya san abin da nake nufi. Mu haɗu a hanya.

Ga mu a tasha. Wani zai ce me ya sa ban nemi wani mai zanen daban ba. A ganina, in dai ba ƙazanta ka gani a shagon ba, ko aikin ya lalace ƙwarai, wanda ya fara shi ya fi cancanta ya ƙarasa. Shi ya san tawadar da ya sirka da allurar da ya sa. Masu zane da yawa ma ba sa son taɓa sabon aikin wani. Kuma galibinsu suna yin gyaran farko kyauta cikin wani wa'adi, kowa da ƙa'idarsa, sai dai su kan cire tafin hannu da yatsu da ƙafa daga wannan alƙawarin, don fatar wuraren ba ta riƙe tawada. Tambayi ƙa'idar tun ranar farko. In za ka tura hoto kuma, ɗauke shi da hasken rana, kada ka kunna filasha, kada ka shafa mai, don sheƙi yana ɓoye ainihin abin. Ka nuna wurin, ka ce nan ya fi can haske, ko za a duba. Ba sai an yi fushi ba. Zubewar tawada a wani gefe abu ne da ke faruwa ko a hannun gwani.

Ba a ɗaukar bidiyo a ciki, don haka sai na fito.

Na fito. Ga hannun a naɗe, ba za ku ga komai ba yau. Da na zauna ba ta taɓa inji ba sai da ta wanke wurin, ta shafa da yatsa ta ji ko akwai tudu ko sauran ɓawo, ta juya hannun a haske, ta sa na lanƙwasa na miƙe. Filin da ya zube, ta ce kusancinsa da lanƙwasar hannu ne, wurin da fata ke motsi kullum, ɓawon ya tsage kafin ya nuna. Ta cike shi da ruwan tokan da ya fi na farko kauri da mataki guda, saboda ta ga yadda fatata ta shanye tsinkakken. Ta ɗan bi gefunan don kada a ga iyakar sabo da tsoho. Aikin bai daɗe ba, amma zafin ya fi na farko, ba zan ɓoye muku ba. Fatar da ba ta jima da warkewa ba tana da saurin ji.

Shi kuwa ɗan gefen nan mai duhu, ta ba ni zaɓi: ko ta ƙara wa fiffiken gaba ɗaya nauyi ya daidaita da shi, ko a ƙyale. Na ce a ƙyale. Tawada na ɗan sassautawa da shekaru, kuma na fi son tsuntsu mai ɗigon duhu guda a kan tsuntsun da ya koma baƙi ƙirin. Na ji daɗin da ba ta matsa ba.

Yanzu jinya ta dawo sabuwa, don gyara ma rauni ne. Wanki da sabulu marar ƙamshi, a busar da tsabtataccen abu ba tare da gurzawa ba, mai ɗan kaɗan yadda fata za ta sha iska. Ba iyo, ba jiƙa hannu a baho, ba zama cikin rana, ba susa, ba ɓamɓarar ɓawo komai ƙaiƙayi. In ya warke sarai, man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, har da mu masu baƙar fata, don rana na koɗar da tawada. Kuma kada a mai da gyara al'ada. Duk komawar allura wuri guda na ƙara haɗarin tabo, mu kuma mun fi wasu saurin yin tabon nan mai tudu da ke girma ya wuce inda raunin yake. Wanda ya san jikinsa na yin irinsa, ya ga likitan fata kafin ya ga mai zane.

Haka nan in ja yana yaɗuwa, zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ga mugunya ko wari ko zazzaɓi, wannan ba maganar inuwa ba ce, asibiti za a nufa. Ƙaiƙayi da ƙuraje da suka tsaya a kan launi guda, musamman jar tawada, su ma na likita ne.

Hannun ya fara zugi, kuma riƙe kamara da hagu ba gwanina ba ne. Sai fatar ta gama saɓa, hazon ya washe, zan kawo muku shi gaban taga mu duba fiffiken dama tare. Sai an jima.