Motar Tafi-da-gidanka: Kafin Ka Ba Dillali Kafin Alƙalami

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Ku ɗauka ga wata farar bas a gabanku, daga waje ba ta da maraba da Hiace ɗin da ke lodin fasinja a tashar Jabi. Amma bari a ja ƙofar gefe. Ga gado, ga ɗan murhun gas, ga wurin wanke kwanuka, ga ƙaramin firji a ƙarƙashin kujera. Ita ce motar tafi-da-gidanka, wadda za ka kwashi iyalinka a ciki ku tashi daga Abuja, ku yi sallar azahar a Akwanga, ku kwana a gindin duwatsun Shere, washegari ku miƙe Yankari.

A Amurka da Turai kasuwarta zaman kanta take, akwai kamfanonin da ba su da wani aiki sai ƙera ta. A nan kuwa ɗai-ɗai ce. Wadda za ka samu, ko dai tokumbo ce, ko wani baƙo ne zai bar ƙasar yana neman rabuwa da tasa, ko kuma wani ne ya sayi Hiace ko Coaster ko Sprinter ya kai wa mai walda da kafinta suka mai da ita ɗaki. Ka bi titin Kubwa tun daga farko har ƙarshe, ka leƙa wuraren sayar da motoci na Kugbo, da wuya ka ga guda a jere. Shi ya sa dole sai da dillali.

Ni ba na cikin masu zagin dillalai. Dillalin kirki ya san gidan da mota take kwance a Gwarinpa shekara biyu ba a tayar ba, ya san wanda kuɗi suka matse shi, ya san yadda zai sanyaya zuciyar mai kaya idan an yi masa tayin wulaƙanci. Wannan aiki ne, kuma haƙƙinsa ne a biya shi. Sai dai ka riƙe abu ɗaya a ranka: dillali ba ya samun sisi sai ciniki ya faɗa. Ko motar ta kai ka Jos ko ta tsaya da kai a Keffi, la'adarsa ta riga ta shiga aljihu. Don haka shi mai haɗa ku ne, amma ba shi ne zai duba maka lafiyar mota ba.

Tambayar farko da za ka yi masa, tun kafin ka shiga motarsa ku tafi: "Malam, la'ada kake ci ko ɗori?" La'ada kaso ne da kowa ya sani, an faɗe shi a fili, an san wanda zai biya. Ɗori kuwa shi ne mai mota ya ce a kawo masa kaza, abin da ya hau kai na dillali ne. A ce mai ita ya sa miliyan 18. Dillalin farko ya ɗora ɗaya. Ya tura hotuna ta WhatsApp ga abokinsa, shi ma ya ɗora nasa. Kafin hoton ya iso wayarka ta zama miliyan 21, kuma kana gama biya wani zai matso ya ce, "Alhaji, saura la'ada."

Na taɓa raka wani ɗan'uwana ganin irin wannan mota a wajen Lugbe. Mutum huɗu muka tarar a jikinta, kowa na cewa shi ne da mota a hannu. Da na ce a kira mai ita mu gaisa, sai aka fara kallon-kallo. Ɗaya ya ce maigida ya yi tafiya, ɗaya ya ce ba ya son a dame shi. Ashe a cikin su huɗun babu wanda ya taɓa sa shi a ido. Muka yi musu sallama muka juyo. Ɗan'uwana ya ji zafi, don motar ta shiga ransa, ni ma na ji masa. Amma kuɗin da ya tara shekara da shekaru ne, ba zan tsaya ina kallo a yi masa cinikin biri a sama ba. Idan dillali na tsoron ku haɗu da mai mota ku zagaye shi, maganin abin mai sauƙi ne: ku rubuta masa la'adarsa a takarda, ka sa hannu, sannan ya kai ka.

Sai takardu. Kowace mota tana da lambar shasi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1981, lambar tana da harafi da alƙaluma 17, kuma babu I, babu O, babu Q a ciki. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ƙirga zuwa na goma, shi ne shekarar mota: A 2010 ce, B 2011, C 2012, haka har H ta 2017, sai a tsallake I a tafi J ta 2018. In dillali ya ce 2015 ce amma ka ga C a wurin, ka ga an ƙara mata shekara uku da baki. Wannan lambar dole ta zo ɗaya a jikin mota, a takardar kwastam, da takardar rajista. Harafi ɗaya ya saɓa, ka dakata.

Takardar kwastam ita ce uwa. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba, kuma takardar bogi tana yawo. Kada ka tsaya a kan hoton takarda da aka turo maka a waya. Ka ɗauki lambobin ka je ofishin kwastam a tabbatar maka an biya kuɗin fito. Motar da ta shigo da sunan ofishin jakadanci ma haka, irinsu kan shigo ba tare da biyan kuɗin fito ba, to ka san wa zai biya kafin ta dawo hannunka. Motar tafiya ce fa, kowane shinge za a tsayar da ita, don girmanta da siffarta suna jan ido.

Idan daga Amurka ta zo, a sa lambar shasin a Carfax, shafin intanet mai ajiye bayanan motoci, a ga tarihinta. Da yawa daga gwanjon Copart suke fitowa, wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ce ta shanye su, irin wadda aka yi a Houston a 2017. Kuma agogonta mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, mil 100,000 kilomita 160,000 ke nan. Idan kuma daga Ingila ko Japan ta fito, duba sitiyari. Can sitiyari a hannun dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama na titi da sitiyari a hagu. Ana juya sitiyarin a gareji, wani aikin da kyau, wani kuwa walda ce kawai aka yi da ranka a kai. Alamar da ke tona asiri ita ce ƙofar fasinja mai ja: in tana hagu, wato ɓangaren da motoci ke wucewa, an juya motar. Ka tuna ta wannan ƙofar yaranka za su riƙa sauka.

Yanzu mu shiga ciki, don nan ne mutane suka fi yin asara. Wanda ya sayi irin wannan mota abu biyu ya saya, mota da ɗaki. Bakanike zai duba maka inji da giya, amma ɗakin fa?

Babban abokin gaban ɗakin nan ruwa ne. Duk inda aka huda rufi aka sa taga, ko fanka, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko farantin sola, ƙofa ce aka buɗe wa ruwan sama. Ga rana irin ta Abuja a watan Maris da ke busar da roba ta tsattsage, ga damina ta biyo baya. Da ka shiga, rufe ƙofa, ka yi shiru, ka shaƙa. In ka ji warin hunhuna, ko ka ji an fesa turare har yana hawa kai, akwai dalili. Cire takalmi ka taka ko'ina da ƙafa, musamman bakin ƙofa da gindin wurin wanka. Wurin da ya lotsa kamar katifa, katakon ƙasa ya ruɓe. Buɗe kabad na sama ka haska kusurwa da fitilar waya, ka nemi shatin ruwa mai launin shayi. Ɗaga katifa. Ɗaga kafet. Dillali zai ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙaramin aiki ne." Ba ƙarami ba ne. Kafin a kai ga katakon sai an kwance gado, da kabad, da bututun ruwa.

Wuta ma haka. Wadda aka ƙera don Amurka kayanta na bolt 120 ne, namu kuwa 230. Ka jona ta da wutar gida kai tsaye, ka ƙone abin da ke ciki. A nuna maka yadda aka magance wannan, a kunna kowane soket a gabanka, a kunna firji ya yi sanyi kana tsaye. Tukunyar gas kuma, shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa yana yoyo. A nan ba na sassauci ko kaɗan, domin ɗaki ne ƙarami, a rufe, mutane na barci a ciki.

Taya kada zanenta ya ruɗe ka. Irin waɗannan motoci sun fi zama a ajiye, sai taya ta tsufa zanenta na nan sabo. A gefenta akwai alƙaluma huɗu bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Sannan a tuƙa ta, ba zagayen layi ba. Cika tankin ruwa, lita 100 kilo 100 ne, ku shiga ku huɗu ko biyar, a hau da ita Mpape da sanyaya ɗaki a kunne, idonka na kan allurar zafi. A gangaro ka ji birki. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo ya san abin da yake yi wa mota mai nauyi, a hawa lagireto, a sauka birki. Bakanikenka za ka ɗauko daga Apo, wanda kai ka biya shi. Wanda dillali ya kawo, ko mutumin kirki ne, da dillalin zai sake haɗuwa gobe.

In komai ya yi, a zo maganar kuɗi. Kafin alƙalami ba ya fita sai an rubuta ko za a mayar maka in kwastam suka ce takarda ba ta da kyau. Sauran kuɗin ta banki, zuwa asusun da sunansa ya dace da sunan da ke takardar mota. Yarjejeniyar sayarwa da lambar shasi a ciki, da hoton katin shaidar mai ita, da shaidu biyu. Daga nan sai ofishin VIO da ke Mabushi a canza suna, a sake inshora. Ta dole, wadda ke kare wanda ka buge, naira 15,000 aka mai da ita tun Janairun 2023 ga motar gida, amma ba ta biyan ko labulen motarka.

Kai kuma mai sayarwa, dillali ɗaya ko biyu sun ishe ka. In ka raba hotunanta ga mutum goma, za ta bayyana a Facebook da farashi goma, masu saye su ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Takardun asali su zauna a hannunka, shi ka ba shi kwafi. Duk gwajin tuƙi da kai ko yaronka a ciki. Faɗi aibinta da bakinka, in rufi na yoyo ka ce yana yoyo. Kuma kada ka miƙa makulli don an nuna maka saƙon tura kuɗi a waya. Buɗe asusunka da kanka, ka ga sun zauna, sannan ka ce ka sallama.